Minti Biyu a Ƙofar Gida

Na hauro daga Tolmin da giya ta biyu,
lanƙwasa goma sha tara, dutsen bai yi mini rangwame ba.
Ga fitilar kicin.
Ga Nejc ya manna hanci da gilashin taga
yana yafito ni: Mama, fito mana!

Ban kashe ba tukuna.

Can ƙarƙashin bonet akwai wata 'yar fanka,
ba ta kai tafin hannun yaron ba,
hayaƙi ke juya ta har gidanta ya yi ja kamar garwashi.
In na murɗa makulli yanzu, baƙin mai zai tsaya cak,
ya dahu a kan boris,
ya zama ƙanzo.

Babana Lojze ya taɓa nuna mini wani turbo a garejinsa,
ya kankare shi da farce, baƙi ƙirin.
"Minti biyu mai shi ya hana shi," in ji shi,
"ya biya da albashin wata."

Shi ya sa nake barin ta a silo.
Na sauke gilashi, sanyin kogin Soča na shigowa,
ƙarar na sauka, na sauka,
kamar numfashin majinyacin da ya samu barci.

Ni ma awa goma sha biyu na yi ina juyawa a asibiti.
Sai yanzu kafaɗuna suka saki.

Sannan na kashe.
Ƙarfe na ƙas, ƙas, yana hucewa cikin duhu.
Nejc ya riga ya fito, ba takalmi.