Tsinke Tukuna

Ustaz Dafalla ya maido mini da takardata
ja-wur, sai ka ce a kanta aka yanka zakara.
Gefen sakin layi na fari ya rubuta:
"Labari ka ba ni. Na riga ka sanin labarin."
Gefen na biyu kalma biyu ce tak:
"Sai me?"

Na ninke ta huɗu, na cusa a aljihun jallabiya,
na bi bakin Nilu har kasuwar Mai Wurno,
inda Baba ke fifita gawayi kafin magariba.
Bai tambaye ni makaranta ba. Ba ya tambaya.
Ya dai turo mini tire da ƙafa,
ya ce masu agashe ba sa jiran mai tunani.

Na ɗebo nama na barbaza shi bisa tebur.
"Kai! Tsinke tukuna.
Ka san inda za ka soke kafin ka ɗauki yanka."
Na soka uku, na huɗun ya zame ƙasa.
"Wancan ba na wannan tsinken ba ne, ya yi kauri.
Ajiye shi, nasa na zuwa."

Da na kai hannu ga kwanon ƙuli
sai ya riƙe mini wuyan hannu.
"Duk layin nan wurin Jibir mahauci muke saye,
saniya ɗaya, wuƙa ɗaya.
Me ya sa direbobin Sinnar ke tsallake tebur biyar
su tsaya a nawa?
Murza shi ya shiga. Kada ka yayyafa kamar mai jin tsoro."

Dare ya yi, wuta ta ɗauke kamar kullum.
Na kunna fitilar waya, na kifa tire ya zama tebur,
na sake buɗe waƙar da aka ba mu,
ta wani mutum da ya bar garinsu.
Sau shida na karanta ta a aji
ban ga komai ba sai baƙin ciki,
shi kuwa baƙin ciki kowa ya gan shi.

A karo na bakwai na tsaya ƙirga.
Ƙofa, ƙofa, ƙofa: sau uku ya ambace ta,
bai taɓa cewa an buɗe ba,
bai kuma ce an rufe ba.

Na rubuta: mawaƙin bai tafi ba, bai kuma zauna ba.
Na kawo baitin, na sa shi tsakanin baka biyu.
Sai na ji muryar Ustaz a ƙeyata: sai me?
Na tuna Kaka Delu,
wadda aka goyo daga yamma za a kai ta Makka,
ta tsufa a nan, tana ce wa garin nan zango.
Ban sa ta a takardar ba, ba a tambaye ni ita ba,
amma da idonta na murza baitin
har layi biyar, har hannuna ya yi tsami.

Ran Lahadi takardar ta dawo.
Jan bai ƙare ba: ya kashe mini jimla biyu,
ya zagaye ɗigon mai a kusurwa,
ya rubuta, "Na uku ya yi kauri, raba shi."
Amma gefen na fari fes yake,
fari kamar kisra sabuwar yi.

Ran Alhamis sai ga shi a gaban teburinmu,
ya ce a ba shi tsinke huɗu, a ƙara yaji.
Baba ya laluba, jarida ta ƙare.
Ya zaro wata takarda daga ƙasan tire,
mai ninki huɗu, ja-wur,
ya naɗe masa naman a ciki.

Ustaz ya dubi ƙunshin, ya dube ni.
Mai ya riga ya cinye "Sai",
saura "me?"