Tamanin da Bakwai

Littafin ya ce ɗari.
Shafi na arba'in da uku, baƙi a kan fari:
a digiri ɗari ruwa yake tafasa.

Mu kuwa muna can ƙoli,
makarantar jar ƙasa a gefen Tafkin Titikaka,
inda iska kan yi wa baƙo rowar numfashi.
Malam Eleuterio Apaza ya ɗora tukunya a risho,
ya miƙo mini ma'aunin zafi
a hankali, kamar mai miƙa ƙwai.

Ruwa ya yi tsuwa, ya soma ɓararraka.
Jan zaren cikin gilashi ya hau, ya hau,
ya kai tamanin da bakwai, ya toge.
Na jira. Tururi ya jiƙa mini gira.
Ko gezau.

Severino ya zungure ni da gwiwar hannu:
"Nayra, rubuta ɗari mu huta,
wa zai ja da littafi?"
Har na kafa fensir.
Malam bai ɗaga murya ba,
alli kawai ya kakkaɓe daga hannunsa:
"Me idonki ya gani?"
Na ce tamanin da bakwai.
"To, shi za ki rubuta. Da rana, da wata, da sunan wuri.
Ruwa ba ya tsami banza."

Sai zato ya ɓarke a aji.
Wani ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi.
Wata ta ce ruwan tafki ne, da dauɗa.
Severino ya ce ma'aunin maƙaryaci ne.
Malam ya jera su a allo, ya ce:
"Ɗaya bayan ɗaya.
In kun canza biyu a tare, wa za ku kama da laifi?"

Muka ƙara wuta har gindin tukunya ya yi baƙi.
Tamanin da bakwai.
Muka tari ruwan sama daga indararo.
Tamanin da bakwai.
Na yi tafiyar awa guda wurin matar da ke yin cuku,
na aro nata ma'aunin.
Shi ma bakinsu ɗaya.

Mako uku lambar nan tana kwana da ni.

Kawuna Fermin direban babbar mota ne,
yakan gangara da kaya har Arika, bakin teku.
Na naɗe ma'aunin cikin safa biyu,
na ce duk inda ya tsaya dafa shayi
ya tsoma, ya jira, ya rubuta.
Ya yi dariya har da tari. Amma ya karɓa.

Ran da ya dawo
ya zaro rasit ɗin mai daga aljihu,
duk ya sha baƙin mai, rubutu kamar tafiyar kaza.
Kan iyaka, saman tsauni: tamanin da biyar.
Rabin gangara: casa'in da uku.
Sai can ƙasa, ya ja layi biyu:
Arika, ɗari.

Ashe littafin bai yi ƙarya ba,
a bakin teku aka haife shi,
bai taɓa hawo tudunmu ba.
Can iska tana da nauyi, tana danne ruwa,
sai ya sha wuta sosai kafin ya kuɓuce.
Nan kuwa hannunta sako-sako ne.

Na ruga gida da rasit a hannu.
Kakata tana tsugune gaban murhu.
Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta ɗago ba.
"Shekara sittin ina jiƙa wake tun dare,
don na san a garin nan ba ya nuna da wuri.
Yanzu kin samo masa lamba?"
Na ce na samo.
Ta ce, "Madalla. Miƙo mini itace."

Washegari na buɗe shafi na arba'in da uku.
Ban goge komai ba.
A gefe, da ƙaramin rubutu, na ƙara:
ya danganta da inda kake tsaye.