Tsibirin Barira

A bangon farmasin unguwarmu, Garin Malam,
akwai kalanda mai hoton tsibiri:
farin rairayi, da itacen kwakwa a sunkuye
kamar tsoho na neman carbinsa a ruwa.
Barira ta ɗora yatsa ta ce,
"Baba, in an yi hutun lakwal nan za mu."
Na ce to.
Irin to ɗin uba, wanda ba ya cin kuɗin mota.

Ashe ta ƙulle shi a bakin zane.
Wata uku tana tuni,
kafin koko, bayan tuwo,
har uwarta Kubura ta ce,
"Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na zazzage gwangwanin ƙarƙashin keken ɗinki:
jika goma sha ɗaya da 'yan daloli.
Ba su kai teku, ko warinta.
Sun kai Gidimuni.

Da asuba muka bar Damagaram,
duwatsun Birni ba su gama barci ba.
Mu biyar a kujerar mutum uku,
kwanon dambu bisa cinyata.
Lawali ya yi amai kafin Mirriya,
ya ƙara bayan Mirriya.
Wata tsohuwa ta miƙo lemun tsami, a shinshina masa.

Sai ga ruwa.
Ruwa a kwance, ba layi, ba jarka,
ba mai garuwa yana ƙirga bashi.
Lawali, ɗan shekara huɗu,
da ya san ruwa a bakin famfo kaɗai,
ƙarfe ukun dare, in uwarsa ta tashi tara,
ya ja wandona ya ɗaga kai:
"Baba, wa ya manta bai rufe ba?"

Can tsakiya akwai ɗan tudu da damina ta yi wa zobe,
dabino biyu, goruba ɗaya,
bai fi tsakar gidanmu ba.
Wani masunci, Cillo, ya haye da mu
a kwalekwalen da ke shan ruwa ta gindi.
Ya ba Kubura ƙoƙo.
Tana kwarfa, tana salati, tana hararata,
Sahabi a goye yana tsotsar yatsa, ba ruwansa.

Barira ta fara sauka.
Ta zagaya sau ɗaya, ta riƙe ƙugu.
"Ina kwakwar?"
Na jefo mata goruba.
"Ina farin rairayin?"
Taɓo ya amsa, ya haɗiye takalminta na hagu.
Na tura hannu har gwiwa ban same shi ba.
Ta yi kuka kamar minti biyar,
sannan ta ga kwaɗo.

Muka ci dambu tare da tururuwa.
Na tsoma ƙafafun Sahabi,
ya naɗe su, ya yi shiru, ya dubi fuskata,
ya sake miƙa su da kansa.
Kubura ta jingina da dabino, wai ta huta kaɗan.
Shekara takwas muna tare,
ban taɓa ganin barcinta da rana ba.
Na hana yara hayaniya.
Na hana ƙuda.
Da na iya, da na hana la'asar.

A hanyar dawowa Lawali na rungume da kwalba,
ruwan tafki ne, kore, da ɗan kifi a ciki.
Ya ce tsarabar randarmu ce.

Bayan mako na koma farmasi sayen maganin tari,
Barira na biye da ni cikin sabon silifa na bashi.
Ta daɗe tana duban kalandar.
"Wannan ba kowa a kai," in ji ta.
"Namu akwai takalmina."