Matakala Ɗari Huɗu da Goma Sha Biyu

Mun iso gindin dutsen kafin rana ta yi ƙarfi.
Na ajiye babur mai ƙafa uku inda mai kwakwa ke sara.
Inna ta tuɓe takalmanta tun daga ƙasa,
ta cusa su a jakata,
wai ba za ta biya rupi ashirin a tsare mata roba ba.

Farin zane ta ɗaura, wanda ta goge tun jiya.
A dama furannin bado guda bakwai,
a hagu kwalbar man kwakwa
da lagwani uku da ta murza
daga tsohuwar rigar Baba.

"Ɗari huɗu da goma sha biyu ne," in ji ta.
"Da cikinka na ƙirga su, Thisara,
na sake ƙirgawa kana saɓe a wuyan ubanka.
Dutse ba ya ƙarya."

Tsakiyar kowace matakala ta lotsa
kamar tsohon turmi.
Ƙafafun da suka cinye ta
sun daɗe da zama toka.

A ta casa'in biri ya sauko,
bai yi sallama ba,
ya fizge bado biyu, ya hau katanga,
yana ci yana kallonmu kamar mu ne ɓarayin.
Inna ta ce, "Bar shi. Shi ma nan yake ibada."

A ta ɗari uku gwiwarta ta ƙi.
Ta zauna, numfashinta na fita da kyar,
leɓenta bai daina riƙe lissafi ba.
Can ƙasa gonakin shinkafa sun kwanta kore shar,
jirgin Badulla na jan jiki a tsakaninsu
kamar zare a bakin allura.

A sama, wani tsoho mai rawayar riga
yana share ganyen itacen Bo,
itacen na zubo masa wasu.
Ba wanda ya gaji a cikinsu.

Cikin kogon akwai sanyi da warin jemage.
Buda na kwance a gefen dama,
tsawonsa ya fi motar fasinja,
tafin ƙafarsa ja, fentin ya ɓaɓɓare.
Idonsa bai rufe ba, bai kuma buɗe ba,
kamar na wanda ya ji duk labarin
tun kafin ka fara.
Daga rufin ruwa na ɗiga cikin tukunyar tagulla,
ɗis,
sai ka manta da shi,
ɗis.

Inna ta jera bado biyar da suka rage.
Muka fita wurin fitilu.
Ta zuba mai, ta kira sunan Baba, Gunapala,
a hankali, yadda take kiransa cin abinci.
Ta kunna. Iska ta kashe.
Ta kunna. Iska ta kashe.
A na uku sai ta fashe da dariya
har tsohon ya tsaya da tsintsiyarsa.
"Ubanka ke nan," ta ce,
"bai taɓa yarda a yi masa hidima ba."
Na kare wutar da tafin hannuna
har ta kama, har ta ƙone ni kaɗan.
Ban janye ba.

Da za mu sauka, dutsen ya yi zafi,
muna taka inuwa inda muka same ta.
Wuri ɗaya matakalar ta karye,
na ɗauke ta cak na tsallake.
Ba ta kai buhun shinkafa nauyi ba.
Ban san yaushe hakan ya faru ba.

A ƙasa ta tsaya, ta waiwaya, ta ɓata rai.
"Ɗari huɗu da goma sha ɗaya.
An sace guda."

Na miƙa mata takalmanta, ban ce komai ba.
Gudar tana nan a hannuwana,
har yanzu ban sauke ta ba.