Kibiyoyin Gulma

Mako uku ina yawo a Gulma da littafi,
tambaya ɗaya nake wa kowa:
in abu ya cuɗe maka, ƙofar wa kake bugawa?
Suna faɗa, ina jan kibiya
daga suna zuwa suna,
har takardata ta koma komar masunta.

Aikin ke nan da aka turo ni:
in gano ta wane baki magana ke shiga gari ta kwana.
Maganar kuwa ta jini ce,
cikin cokali, bai fi ba,
a kai Birnin Kebbi cikin ƙanƙara,
a duba ko sankara ta bar sawu
tun ba ta ɗago kai ba,
yadda masunci ke ganin kumfa
ya san giwan ruwa na ƙasa.

Mun yi shela da lasifika ranar kasuwa.
Mutum huɗu.
Kansila ya naɗe hannun riga, aka ɗauki hoto.
Mutum tara, shida yaransa ne.
A rumfar mai shayi aka yanke mana hukunci:
jini ba ruwan gulbi ba ne
da za a ɗebar wa baƙo.

Daren Laraba, da tocila a baki,
na bi kibiyoyin mata ɗaya bayan ɗaya.
Sun wuce gidan hakimi, ba su yi sallama ba.
Sun wuce kantin magani.
Sittin da ɗaya suka tsaya bayan maƙera,
a ɗakin da ba shi da ƙyaure,
wurin Inna Dudu,
mai wankan gawa.

Na same ta tana shanya shinkafa.
Na fara bayani, ta ɗaga mini hannu.
"Ɗan nan, mi za ka hwaɗa min?
Shekara talatin hannuna na karatu ba allo.
Na taɓa shi ƙarƙashin nonon Ige,
ƙulli kamar ƙwallon goriba.
Na taɓa shi a cikin Tabawa,
aka ce jifa ne.
Kullum ni ka zuwa bayan an gama.
Kai ka ce ruwan jini na gani tun da sauran rana?"

Na ce wani lokaci yana gani.
Na ce wani lokaci yana kuskure.
Ta daɗe tana kallona.
"To, ka yi gaskiya. Kawo allurar."

Ba ta yi wa kowa wa'azi ba.
A bakin rijiya ta zauna, da hantsi,
ta miƙa hannun da gari ke tsoro,
jijiya kamar saiwar gawo,
Ladidi ma'aikaciya ta soka sau biyu kafin ta samu.
Mata sun ajiye guga.
Kafin la'asar kwalabenmu sun ƙare,
muna rubuta sunaye a bayan kwalin sabulu.

Mako shida, saƙo ya dawo.
Suna biyu da jan layi a ƙasa.
Ba hukunci ba ne, in ji likita,
kira ne: a zo a ƙara dubawa.
Ɗaya mijinta ya ce sai bayan girbi.
Har yau kibiyarta na rataye a littafina,
ban san inda zan kai ta ba.

Ɗayar, Hajo, na gan ta a tasha da asuba,
ta ƙanƙame jakar leda.
Kusa da ita Inna Dudu,
da sabon mayafi, da ƙullin ƙuli-ƙuli.
Na ce, Inna, ke naki ai lafiya lau.
Ta gyara zama, ta kama wuyan hannun yarinyar
daidai inda jini ke bugawa.
"Na gaji da rakiyarsu da sanyi.
Wagga da ɗuminta za ni raka ta."

A rahoton da zan kai ofis
akwai gurbin lamba, akwai gurbin kashi cikin ɗari.
Na juya takardar gaba da baya,
direba na kiran saura mutum ɗaya.