Mita Takwas

A Tibilisi, hawa na huɗu, gefen tagar da ke yoyo,
aikina in rage ƙasa har ta shiga aljihu.
Revaz, shugabanmu, ya ce:
duk gini biyun da tazararsu ba ta kai mita takwas ba,
a haɗe su.
Na buga takwas, na danna, na tafi dafa shayi.

Kafin ruwa ya tafasa
na'ura ta haɗiye rumfuna dubu sha ɗaya,
ta ɗinke kududdufai uku suka zama tafki,
hanyar dutse mai kwana tara ta koma mai biyu,
ta yanka da tuwon shinkafa sai ka ce ba direban da ya taɓa zufa a kanta.

Ban yi niyyar leƙa Racha ba.
Hannu ne ya san hanyar gida.

Gidan babana Zaza, gidan maƙwabcinsa Guram:
mita shida da taku ɗaya.
Na sani, don sau biyu kotu ta zo da igiyar awo.
Kurangar inabi ce sila,
saiwa a wajenmu, 'ya'ya a wajensu.
Shekara talatin da ɗaya ba sa ga maciji da juna.
Ranar da muka binne innata
Guram ya tsaya bayan shinge, hula a hannu,
bai tsallako ba.

Ga su yanzu a allo, dunƙule ɗaya mai ruwan toka,
ba shinge, ba kuranga,
rufi guda.

Akwai ɗan akwati a gefe: kada a haɗa.
Na daɗe ina kallonsa.
Shayi ya huce.
Na kashe fitila.

Da kakar inabi na kai wa Baba a waya.
Ya sa tabarau, ya ɓata rai,
ya buɗa gilashin da yatsu biyu masu kaushi
har gidajen suka rabu.
"Yawwa," in ji shi. "Ƙarya fure take."

Da tsakar dare na fito shan ruwa.
Yana zaune a baranda, hasken waya a gemunsa,
tagar Guram ma a kunne.
Yana matse yatsu a hankali, gidaje su haɗe,
ya buɗa,
ya sake matsewa.

Na koma ciki ban sha ruwan ba.