Ƙarangiyar Hanta

Ƙarfe huɗun asuba a birnin Szeged,
kogin Tisza na tafe da ƙanƙara a ka.
Etelka ta ɗaga kwalba biyu gaban fitila,
jinin ɓeraye ne, an tace, ruwan ya saura.
Ɗaya garau, kana hango yatsanka ta ciki,
ɗaya fari fat, ka ce nono aka dama.

Akushi guda suka ci tun jiya.
Na biyun ne aka aske wa hanta,
aka raba ta da zaren sukarin nan mai yauƙi
da ke tsirowa a fatar ƙwayoyinta,
tsaye bakin hanyar jini kamar ƙarangiya.
Maiƙo ya zo wucewa, ta cafke masa riga,
ta ja shi ciki a sauke masa kaya.
In babu ita, baƙo ya rasa masauki,
ya yi ta gewaya gari har dare ya raba.

Ta tuna babanta Vilmos, tsohon masunci,
mai shafa kitsen dinya kan burodi,
ya barbaɗa jan barkono, ya lashe wuƙa.
Ran da likita ya ce maiƙo ya yi masa yawa a jini,
dariya ya yi: "Komata ce ta yage, 'yata."
Shekara tara tana karatu
kafin ta gane a kusa ya yi jifa.

A keji na bakwai akwai wani mai ɗinki a ciki,
an ɗebe masa biyu cikin ukun hanta.
Kwana goma ke nan. Ta ɗora a sikeli,
ta koma cif, ba ragi, ba gyara.
Zaren nan dai shi ke riƙe saƙon girma,
ya kai shi bakin ƙofa, ya jira a karɓa,
cikin danginsa kuma akwai mai cewa ya isa.
Wa ya koya masa awo?
Nan alƙalaminta ya tsaya.

Jirgin titi na fari ya wuce yana ƙara.
Ta rubuta lamba, ta kashe fitila,
ta sa hannu a aljihu, ta taɓa ƙunshin takarda:
burodin Baba ne, maiƙo ya huda.
Ta daɗe tana dubansa a bakin taga.
Sannan ta gutsura.